Wuri biyu sun neme ni, ga aikin hannu: amsa ga wata ma'aikaciyar jinya a Tawa

Tambayar da wata ƙanwarmu ta aiko ke nan: "Yaya, barka da aiki. Ni anfirmiya ce mai difloma ta gwamnati, shekarata 4 a wani kilinik mai zaman kansa a nan Tawa, albashina jika 120. Yanzu wuri biyu sun neme ni lokaci guda. Wani kilinik a Yamai ya ce in zo a kan jika 170, aiki na dindindin, amma yana son amsa cikin mako guda. Wata ƙungiyar agaji kuma ta kira ni ta ce an ɗauke ni aikin yara masu tamowa a yankin Madawa, jika 300, kwantiragin shekara 1, sai dai takarda ba ta fito ba tukuna. Ga shi na ajiye dosiyena na kwankur ɗin shiga aikin gwamnati. Mai kilinik ɗinmu shi ya ɗauke ni tun ina aikin sa kai, nauyinsa nake ji. Ban yi aure ba, Inna tana hannuna. Wanne zan ɗauka, kuma yaya zan fita ba a ɓata ba?"

Ƙanwata, barka kadai, Allah ya sa alheri a wannan buɗi. Na daɗe ina majo, wato mai kula da masu jinya, ni ke tsara gardi, wato aikin kwana, na karɓi takardun masu ajiye aiki, na kuma zauna a teburin ɗaukar sababbi. Don haka bari in fara da abin da ba lalle ki so ji ba. Yau ɗin nan aiki ɗaya gare ki, wanda kika kwana gardi a cikinsa. Sauran biyun alkawarin baka ne, kuma muddin suna a haka kada ki furta wa kowa a kilinik cewa za ki tafi, ko ƙawar da kuke cin abinci kwano ɗaya.

Wanda ya kira ki daga ƙungiya ya ce an ɗauke ki, mai yiwuwa gaskiyarsa ya faɗa, amma ba shi ke da sa hannun ƙarshe ba. Takarda sai ta je ofishinsu na Yamai, sai mai kuɗi ya tabbatar albashin nan yana cikin kasafi, wani lokaci ma sai mai ba da tallafi can ƙetare ya saki kuɗin zango na gaba. Ko'ina a nan abu na iya tsayawa. Kin dai ga abin da ya faru kwanan baya: a Nuwamba 2024 hukuma ta janye izinin aikin ƙungiyar Acted, a Fabrairu 2025 aka umarci ƙungiyar agaji ta Red Cross ta duniya, CICR, ta rufe ofisoshinta a nan Nijar, a farkon shekarar kuma Amurka ta dakatar da mafi yawan tallafin da take bayarwa ta hannun USAID. Siyasar abin ba tawa ba ce. Abin da ya shafe mu shi ne 'yan ƙasa da ke aikin foroje, wato ayyukan ƙungiyoyin agaji, sun wayi gari ba aiki, alhali ba laifin da suka yi. Wanda ya ajiye aikinsa don kiran waya a irin wannan lokaci, shi ne ya saki reshe ya kama ganye.

Takardar da nake nufi ba wani dogon abu ba ce. Tayi ne a rubuce, da sa hannu da hatimi, wanda ya faɗi muƙamin, da garin da za ki zauna, da irin kwantiragin da tsawonsa, da ranar farawa, da lokacin gwaji in akwai, da albashi, an kuma bayyana ko kafin cire-cire ne ko bayansa. In ya zo ta imel ko WhatsApp ba laifi, in dai takarda ce mai sa hannu aka ɗauka aka turo.

To yaya za ki yi da mako gudan da Yamai ta ba ki? Ki kira masu ɗaukar ma'aikata na ƙungiyar gobe da safe, ki ce musu kamar haka: "Na ji daɗin kiranku, kuma aikinku nake so. Sai dai wani wuri ya ba ni wa'adi zuwa ƙarshen mako, ga shi ina da fireyabi, wato sanarwar wata guda kafin in bar inda nake. Ko za ku turo mini takardar tayi kafin nan, ko da kwantiragin zai biyo baya?" Wannan ba rashin kunya ba ne, kullum suna jin irinsa, kuma amsarsu za ta nuna miki inda maganar ta kwana. In suka ce jibi, to. In suka fara "muna jiran tabbaci daga sama", ki san kuɗin bai sauka ba. Su kuma na Yamai ki roƙe su su turo kwantiragin ki karanta, su ƙara miki 'yan kwanaki. Mai aikin da ya ƙi nuna miki kwantiragi amma yana matsa miki ki amsa cikin kwana 7 ya riga ya gaya miki yadda zama da shi zai kasance.

Ba laifi kowane ɗaya ya san akwai wani a layi. Laifin shi ne ƙarin gishiri. Kada ki ce an ba ki jika 350 alhali 300 ne, don ki ja farashi. Mu ma'aikatan lafiya na ƙasar nan ba mu da yawa. Wannan ya fito makarantar koyon aikin lafiya ta ENSP Damure Zika ta Yamai, wancan ENSP ta Damagaram, sun yi sitaj tare, suna zaure ɗaya a WhatsApp. Maganar da kika yi a Tawa da hantsi tana iya kai wa Yamai kafin la'asar.

Yanzu mu zauna a kan kuɗin, don nan ne mutane suka fi ruɗuwa. Jika 170 ta fi 120 da jika 50, amma a Tawa daga tukunyar Inna kike ci, kabu-kabu ɗaya ya kai ki aiki. A Yamai sai kin kama ɗaki, mai gida zai nemi kuɗin watanni gaba da kuɗin ajiya, ga wutar NIGELEC, ga ruwa, ga taksi ko faba-faba safe da yamma, in kuma ɗakin da kika samu yana Harobanda ko Talaje, kilinik ɗin yana wani gefen gari, taksi biyu ne kowace tafiya. Ga abin da za ki riƙa tura wa Inna ta Nita ko Amana, tunda gida ya zama biyu. Ga kuɗin mota duk lokacin da aka ce ba ta da lafiya, tafiyar fiye da kilomita 500, ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Dosso. In kuma 170 ɗin kafin cire-cire ne, kason ma'aikaci na CNSS, wato asusun fansho da kariyar ma'aikata, kashi 5.25 cikin 100 ne, wato sefa 8,925, sannan harajin albashi ya ɗauki nasa. Ki zauna da biro ki lissafa. Ina kyautata zaton za ki tarar jika 50 ɗin ta ƙare tun kafin ki sayi sabulu.

Wannan ba ya nufin Yamai ba ta da abin da take bayarwa. Can manyan asibitoci suke: Babban Asibitin Ƙasa, na Lamorde, Asibitin Referans, Matarnite Issaka Gazobi. Can makarantun ƙarin karatu suka fi yawa, in burinki lisans ne ko ƙwarewa a fanni ɗaya kamar sa barci ko ɗakin tiyata. In karatu ne a ranki, to ko albashin bai ƙaru ba tafiyar tana da ma'ana, amma sai ki tambaya tun yanzu ko tsarin gardinsu zai bar ki ki shiga aji. Ba ki ambaci karatu a tambayarki ba, shi ya sa ban ba shi nauyi ba. Ki kuma tuna Zabarmanci. Tsohuwa daga ƙauyen Tillaberi ba za ta gaya miki inda ke mata ciwo da Faransanci ba, kuma watannin farko za ki sha kiran mai shara ta yi miki tafinta.

Kalmar "dindindin" ma a yi mata tambaya. Kwantiragi marar wa'adi, wato CDI, yakan fara da lokacin gwaji, kuma a cikinsa kowane ɓangare na iya cewa ya fasa, ba fireyabi, ba diyya. Wato kina iya barin aikin shekara 4, ki biya haya a Yamai, a sallame ki a wata na biyu, doka ba ta ce komai ba. Gwaji sai an rubuta shi yake zama gwaji, don haka ki duba wata nawa aka sa. Ki kuma tambaye su kai tsaye: za ku yi mini rajista a CNSS tun watan farko? Wasu masu kilinik suna cire kuɗin CNSS daga albashi ba sa kai wa, wasu ba sa ma yin rajistar. Mu da muke wasa da allura kullum wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ran da allurar mai ciwon hanta ta soke ki, haɗarin aiki ne, kuma CNSS ce ke ɗaukar haɗarin aiki, ita ce ke biyan kuɗin iyali da fansho. Tunda maganar ta zo, ki leƙa ofishinsu na nan Tawa da lambarki, ki nemi a nuna miki abin da aka zuba miki a shekara 4 ɗin nan. Gara ki sani tun kina ciki, lokacin da gyara ke da sauƙi.

Na Madawa kuwa lissafinsa daban ne. Bambancin 300 da 120 jika 180 ne a wata, a shekara miliyan 2 da jika 160 kafin cire-cire, daidai da albashinki na yanzu na wata 18. Ma'ana, in kika yi shekarar kina rayuwa kusan yadda kike yi yau, ko ba a sabunta kwantiragin ba kina da abin zama ki nemi wani aiki ba tare da kin roƙi kowa ba. Matsalar ita ce kusan ba wanda ke yin haka. Ran da dangi suka ji kin shiga foroje, buƙatu sai su tashi: wannan kuɗin makaranta, wancan biki, ke kanki waya sabuwa da adashi mai nauyi. Na ga masu albashin foroje da kwantiragi ya ƙare musu ba su da kuɗin motar komawa gida. In za ki je, ki yanke tun watan farko abin da zai shiga asusun da ba ki taɓawa, kuma adadin albashinki ya tsaya tsakaninki da Inna.

Aikin kansa fa? Sashen CRENI, inda ake kwantar da yara masu tsananin tamowa, makaranta ce da ba a biya. Za ki iya sa wa yaron da jijiyarsa ta ɓace allurar ƙarin ruwa, za ki iya zura bututun hanci cikin dare da fitilar waya, za ki san madarar F-75 da F-100 da lokacin da ake sauya wa yaro daga wannan zuwa waccan, za ki san ƙarin jini da na'urar iskar numfashi kamar tafin hannunki. Wanda ya yi damina ɗaya a nan, duk inda ya kai dosiyensa ana dubawa sau biyu. Amma daga Yuli zuwa Oktoba, lokacin da masassarar cizon sauro ta haɗu da ƙarewar hatsi a rumbu, gadaje cika suke yi, kuma yara suna mutuwa a hannunki duk da kin yi iyakar yinki. Ba kowace zuciya ke ɗauka ba, kuma ba abin kunya ba ne mutum ya san tasa. Ki tambaye su gado nawa anfirmiye ɗaya ke riƙewa da dare, kwana nawa ake hutawa bayan gardi, su ke ba da masauki ko ke za ki nema, akwai inshorar lafiya kuma ta haɗa da uwa ko sai miji da 'ya'ya. Ki tambaya ko a asibitin gunduma za ki zauna ko za a riƙa fita ƙauyuka, domin yankin ya yi iyaka da Najeriya kuma ɓarayin daji sun dami wannan tsiri, ƙungiyar kirki tana da ƙa'idar tafiya a rubuce. Harshe dai naki ne, kuma kina cikin jiharku, in Inna ta kira kina isowa a yini.

Akwai abu ɗaya game da CDD, wato kwantiragi mai wa'adi irin na Madawa, da matasa ba su cika sani ba sai sun shiga. Dokar aiki ta ƙasar nan, mai lamba 2012-45 ta 25 ga Satumba 2012, ta ce kwantiragi mai wa'adi ba a yanke shi kafin lokacinsa sai da yardar ɓangarorin biyu, ko babban laifi, ko abin da ya fi ƙarfin kowa. Wanda ya yanke ba ta ɗaya daga cikin waɗannan ba ana iya bin sa diyya. Wannan kariya ce gare ki, don ba za a tashi kawai a kore ki a wata na biyar ba. Amma ɗauri ne kuma, kuma nan maganar kwankur ɗinki ta shigo. In sunanki ya fito kina tsakiyar kwantiragi, ba za ki ajiye takarda kawai ki tafi ba. Ki faɗa musu tun kafin sa hannu cewa dosiyenki yana can, ki nemi a rubuta cewa in gwamnati ta kira ki za a rabu da yardar juna bayan sanarwar wata guda. Yawanci ba sa ƙi, don sun saba. Ki kuma karanta da kyau ko akwai layin da ya ɗaura tsawon aikin a kan samuwar kuɗin foroje, domin in yana nan, shekara 1 ɗin ba cikakkiya ba ce.

In ra'ayina kike so, ga shi. Yadda kika kwatanta halinki, ba miji, ba goyo, Inna a Tawa, ido a kan lambar gwamnati, wato shiga aikin gwamnati, ni Madawa zan ɗauka, da sharaɗin takarda ta fito da wata 12 a rubuce. In mako ya ƙare ba ta fito ba, ba zan ruga Yamai don tsoron kada in rasa duka ba. Zan ba su haƙuri in ci gaba da zama inda nake, sai fa in sun turo kwantiragi mai CNSS da gajeren gwaji, sun kuma ƙara abin da zai rufe haya. Zama a aikin da kike da shi ma zaɓi ne, mutane suna mantawa da shi.

Wata 'yar magana ga masu karatu da suka riga suka sami lambar gwamnati, don na san za su tambaya: ku naku daban ne. Ma'aikacin gwamnati ba ya ajiye takarda ya kama hanya, sai hukumar da ta ɗauke shi ta amince, kuma wanda ya daina zuwa kafin nan ya gudu daga aiki ne, ana iya tsayar da albashinsa a kore shi. Kafin ku yi tunanin ajiye aiki saboda foroje, ku nemi disfonibilite, wato izinin jingine aiki na wani lokaci, ta hannun shugabanninku, daga likitan gunduma zuwa ofishin lafiya na jiha zuwa ma'aikatar lafiya. Albashi zai tsaya, amma lambar tana nan. Ku tuntuɓi wakilin sandika, wato ƙungiyar ƙwadago, SUSAS ko wadda kuke ciki, sun san hanyar takardun.

To, a ce takarda ta zo, kin karanta, kin yi istihara, kin shawarci Inna, kin sa hannu. Sai maganar fita.

Ki fara ɗauko kwantiraginki na yanzu ki ga abin da ya ce game da fireyabi. Ga wanda ake biya wata-wata abin da aka saba shi ne wata 1, manyan ma'aikata ne ke da wata 3. In ba a taɓa ba ki kwantiragi a rubuce ba, kada ki ɗauka ba abin da ya ɗaure ki: shekara 4 kina karɓar albashi, a idon doka aiki ne marar wa'adi, fireyabi yana kanki. Wanda ya tafi bai yi shi ba ana iya bin sa kuɗin wannan watan. Saboda haka ranar farawa da za ki ba sabon wuri ki lissafa ta da watan nan a ciki, har da 'yan kwanakin haɗa kaya. In suka ce lalle sai Litinin mai zuwa, ki ce musu yadda ba za ki bar marasa lafiyar wani ba sanarwa ba, haka su ma ba za ki yi musu ba wata rana. Mai hankali wannan amsar ƙara masa son ki za ta yi. Ki kuma duba ko kilinik ya taɓa biya miki wani horo da sharaɗin za ki zauna shekaru kaza, da ko akwai bashi ko abansi a kanki.

Dokta shi zai fara ji, daga bakinki, kafin takarda. Kada ya tsinta a bakin mai gadi, kada kuma ki tura masa saƙon waya. Ki nemi lokacin da ya gama duba marasa lafiya, ki shiga ki gaishe shi yadda kika saba, ki zauna. Ki ce: "Dokta, kai ka riƙe ni tun ban san komai ba, ban manta ba kuma ba zan manta ba. Na sami wani aiki, na yi shawara da Inna, na karɓa. Na zo in gaya maka da kaina kafin in kawo takarda, kuma zan tsaya in cika watana in koya wa wanda zai karɓe ni." Daga nan ki yi shiru. Kada ki cika wurin da bayani, kada ki shiga lissafin abin da aka yi miki ba daidai ba. Zai iya yin fushi, zai iya cewa bai zaci haka daga gare ki ba. Ki ba shi haƙuri, amma kada ki ce "bari in sake tunani" in kin san ba za ki sake ba, don wannan kalmar ce ke jawo ɓacin rai daga baya.

Nauyin da kike ji na gane shi, kuma halin kirki ne. Sai dai ki auna: ya ba ki dama, ke kuma kin ba shi shekara 4 na gardi, da Sallah da azumi. Ba cin amana a tafiyar da aka yi sallama. Ki shirya ma abu biyu. Na farko, zai iya cewa zai ƙara miki albashi. Ki tambayi kanki ko kuɗi ne kaɗai ya sa kike son tafiya, in kuma kin riga kin sa hannu a can, maganar ta wuce. Na biyu, a garinmu ba a rasa wanda za a aika wa Inna, wani kawu ko limamin unguwa, a ce ta sa baki. Shi ya sa nake son ki gama da ita tun farko, ta san dalilinki da lissafinki, don in an zo ta ce "yarinya ta shawarce ni, na sa mata albarka", magana ta mutu a nan cikin mutunci.

Takardar kanta gajera ce, layi biyar sun isa: sunanki da muƙaminki, cewa kin ajiye aiki, ranar da fireyabi ya fara da ranar da zai ƙare, godiya, sa hannu. Ba dole ki faɗi dalili ba, ba dole ki faɗi inda za ki ba, kuma ƙorafi ko ɗaya kada ya shiga, don takarda tana zama a dosiye bayan fushi ya huce. Ki yi kwafi biyu, a buga wa naki hatimi a rubuta ranar da aka karɓa, domin daga ranar ake fara ƙirga watan. In Dokta ya ce ya yafe miki sauran kwanakin, ki gode, ki roƙe shi ya rubuta a ƙasan takardar ya sa hannu.

Watan ƙarshen nan shi mutane za su riƙe a kanki, fiye da shekarun da suka gabace shi. Kada ki fara makara, kada ki riƙa musanya gardi, kada ki zauna kina ba sauran labarin albashin foroje. In tafiyar ta faɗo tsakiyar damina, lokacin da ɗakin yara ya cika, ki yi ƙoƙari ki taimaka a sami madadinki da wuri, ko cikin ƙannenku da suka gama makaranta suke zaune.

Miƙa aiki kuwa a yi shi a rubuce, mutum biyu, a tsaye gaban kabad. Na taɓa ganin wata da ta bar makulli a hannun mai shara ta hau mota. Bayan kwana kaɗan aka ƙirga kabad ɗin gaggawa, allurar diyazefam ba ta cika ba. Wataƙila an yi wa mai jijjiga ne cikin dare aka manta ba a rubuta ba, wataƙila wani ne ya ɗauka bayan tafiyarta. Ba wanda ya sani, amma sunanta aka kira, kuma maganar ta bi ta har sabon wurin aikinta. Don haka ki buɗe kabad da wanda zai karɓe ki, ku ƙirga kwalba ɗaya-ɗaya, musamman magungunan da ake kullewa, ku gwada da abin da ke rajista, ku duba ranar lalacewa. Na'urar awon jini, ta awon suga, almakashi da hantsaki na wankin ciwo, takardar zafin firijin rigakafi, makullai, duk a jera a takarda ɗaya, ku sa hannu ku biyu, majo ko Dokta ya sa na uku, ki riƙe kwafi. Sannan marasa lafiyar da ke zuwa a kai a kai: tsohon nan mai ciwon suga da ake wanke wa ƙafa, wace jijiya ce ke kamuwa a hannunsa, wane magani ne ba ya jituwa da shi, wa ke rako shi. Irin wannan ba ya cikin dosiye, a kanki yake, sai kin faɗa. Dosiyen marar lafiya ko hotonsa kada ya bi ki a waya, kuma kada ki ce wa kowa ya biyo ki wani wuri.

Ranar ƙarshe akwai abin da za ki karɓa. Albashinki har zuwa ranar, da kuɗin kwanje, wato hutun shekara, da ba ki ci ba, wanda ake lissafawa kwana 2 da rabi a kowane watan aiki. Kuɗin sallama irin na wanda aka kora ba ya cikin haƙƙin wanda ya ajiye da kansa, kada ki sa rai. Sai takardar shaidar aiki, wadda doka ta wajabta wa mai aiki ya bayar, mai ɗauke da ranar shiga da ranar fita da aikin da kika riƙe. Ki karɓe ta ranar, kada ki yarda da "ki dawo wani mako", don daga Madawa dawowar ba ta da sauƙi, kuma sabon wuri zai iya neman shaidar cewa ba kowa a kanki. In ainihin diflomarki tana hannunsu ki karɓo, nan gaba kuma kwafin da aka buga wa hatimi kawai ake bayarwa. Takardar da za a ce ki sa hannu cewa an biya ki komai, ki karanta lissafin a zaune kafin biro ya taɓa ta. In aka sami saɓani da ya ƙi warwaruwa cikin gida, ofishin sufeton aiki na jiha yana nan Tawa, sulhu yake fara yi kafin a kai ga kotu, ki je da kwantiragi da takardun albashi da kwafin nan mai hatimi.

Wurin da ba ki ɗauka ba, ki kira su ranar da kika sa hannu a ɗayan, ba washegari ba. Ki gode, ki ce kin karɓi wani aiki, ki ba su haƙuri, in kin san wata ƙwararriya mai nema ki ba su sunanta da izininta. Kada ki kashe waya ki bar su suna jira, kuma kada ki sa hannu wuri biyu da niyyar zaɓa daga baya, don wanda ya tsara gardi da sunanki ya wayi gari ba ki zo ba, ba ya mantawa, kuma bayan shekara 1 ɗin nan wataƙila Yamai ɗin za ki nema. Lambarki ta CNSS kuma guda ce har ki yi ritaya, ita za ki kai wa sabon wuri, kada a buɗe miki wata. Bayan wata uku ki koma ki duba ko sun fara zubawa.